Ranar da Aka Haɗa Jitar Auta da Kwamfuta

Shekarar da ciwon kaji ya shigo ce, wadda aka bi gida-gida ana cewa kada a ci kaza. A bazarar shekarar aka tsare mu a gida saboda ƙidaya, ba a jima ba kuma rana ta mutu da hantsi, har awaki suka dawo turke da kansu. Wayar hannu ba ta daɗe da zuwa Zuru ba, sai mutum ya hau tudu kafin ya ji na Kaduna. Maigidana ya daɗe a ƙasa a lokacin. Babban ɗana kuma, soja sun riga sun kawo mini akwatinsa da takalmansa daga Saliyo, shi ba su kawo shi ba. Ban shiga aji ba, ban san lambar shekara ba, amma abin da na ɗaure da mutuwar rana ba ya kwance mini.

Auta ne ya rage mini a gida, 'yan'uwansa mata duk suna ɗakunan mazansu. Ya gama golmonsa cif, bai tsallake damina ba. A wurinmu saurayi ba ya samun mata da daɗin baki, sai ya yi shekaru yana noma gonar surukinsa, shi da sa'o'insa, kowa da garmarsa, suna tafe a jere suna waƙa. Auta ne mai ba su waƙa, su suna amshi. Ya ɗauko matarsa, ta haifa masa 'ya mace, yarinyar tana rarrafe a lokacin da nake ba ku labari.

Jitar da auta yake kaɗawa ta wansa ce, ya zo da ita daga Laberiya a hutunsa na ƙarshe. Ja ce, mai nauyi, ba ta da ciki irin na molo, katako ce zalla da tsirkiyoyin ƙarfe. In an kaɗa ta haka nan, kukan sauro ya fi ta. Sai an soka mata waya an kai akwatin sauti na majami'a sannan take buɗe baki, har mai tafiya a hanyar Ribah ya ji. Auta da kansa ya koya. Ya ɗauko waƙoƙin golmo ya ɗora mata, dattawan majami'a suka yi gunaguni, ya sa sunan Ubangiji a ciki suka yi shiru, wasunsu har da kaɗa ƙafa a ƙarƙashin benci. A can ya samo wata ɗabi'a. In Fasto yana addu'a, shi yana binsa da tsirkiya a hankali, har ta kai in jita tana kan cinyarsa, ko gaisawa yake da mutum yatsunsa ba sa tsayawa.

Bayan girbi wani ƙari ya fito masa a damtsen hagu, hannun da yake danne tsirkiya da shi. Mun yi na gida, an shafa, an tsaga, an yi addu'a. Kafin bikinmu na Uhola ya kai girman lemo, bayan bikin ya wuce nan. Asibitin garinmu suka tura mu Sakkwato. Can likita ya duba, ya ce sai an cire hannun daga kafaɗa, mu je gida mu shirya, mu dawo bayan Ista. A mota, da duwatsunmu suka fara bayyana, auta ya juyo wajena.

Ya ce, "Mama, hannun na ba su. Amma abin da ke cikinsa ba za su tafi da shi ba."

Abin da yake so, a ɗauki kiɗansa da waƙarsa a ajiye, ya kuma yi wa 'yarsa magana a ciki, tunda likitan bai yi masa alkawarin komai ba. Na ce na yarda, amma ban da kaset. Wansa ya taɓa aiko mini da kaset daga bakin daga yana gaishe ni, na yi ta saurare har rediyo ta tauna zaren, aka jawo shi kamar hanjin kaza. Na ce ba za a yi mini haka sau biyu ba.

Ɗan ƙanena yana da shago kusa da tasha, yana buga wa mutane katin biki da takardar neman aiki da kwamfuta. Shi da auta taubasai ne, tun suna ƙanana ba sa haɗuwa ba su tsokani juna ba. Shi ya ce kwamfuta ba ta tauna komai, abin da ya shiga cikinta ya shiga, daga baya a juye shi a faifai, jikan jika ma ya ji. Ya ce ya ga ana yi a Kaduna lokacin da yake koyon aiki. Na tambaye shi ko shi ya taɓa yi da hannunsa.

Ya ce, "Gwaggo, rami ne da waya. Wanda ya iya zura zare a allura ai ya gama."

Auta ya ce, "Shi ya sa wandonka yake a yage tun Kirsimeti."

Da aka kai wayar jitar shagon sai aka ga ba haka ba ne. Kanta ya kai kaurin yatsa, ramin da ke bayan kwamfuta kuwa tsinken tsintsiya ma da ƙyar. Ɗan ƙanena ya ce akwai wani ɗan ƙarfe da ake sawa a tsakani. Aka bi shagunan gari, babu. Aka ba wani direban Kontagora saƙo, ya dawo da wani abu na talabijin. Kayan sautin majami'a kuma Fasto ya kwashe su duka ya tafi Danko wa'azi, ba zai dawo ba sai ana gobe Ista. Kwanaki suna ta wucewa. Yatsun auta na ƙarshe suka fara mutuwa, in ya danne tsirkiya sai ya duba da ido ya ga ko ya danne.

Akwai wani mai gyaran rediyo a bakin kasuwa, Bakabe, musulmi, abokin hirar maigidana tun yana da rai, Malam muke ce masa. Ni na kai masa wayar da kaina. Ya jujjuya ta, ya ce a kawo masa duk wani abu mai ƙaramin kai da yake shiga ramin. Abu ɗaya ɗan ƙanena yake da shi, wanda ake saƙalawa a kunne a ji abin da kwamfuta take faɗa, domin tasa ba ta da sifika, aikin takarda take yi. Ya ɗauko, ya miƙa. Malam ya datse kan, ya datse wayar jita ta gefe ɗaya, ya haɗa su da dalma, ya naɗe da baƙin salatif. Ya tambaya, to da me za a saurara? Ɗan ƙanena ya ce ba sai an saurara ba, a gilashi ake ganin sauti yana shiga.

Na ce ba za a yi a shago ba. Tasha ce, 'yan kamasho suna ihu, 'yan kabu-kabu suna ham. Ni na san yadda kaset ɗin wansa ya kwaso har tarin wani soja da kukan mota. A kawo ta gida. Ɗan ƙanena ya rungumo akwatin kwamfutar a bayan kabu-kabu, surukata ta ɗauko gilashin a ka da gammo kamar tulu. Aka aro janareton mai aski, aka kai shi can bayan rumbu da doguwar waya don kada ƙararsa ta shiga.

Ana gobe na zaga unguwa. Kowane gida na shiga na ce gobe daga fitowar rana ba daka, ba faskare, ba dukan yaro. Mai injin niƙa ya ce Mama, gobe fa kasuwa. Na ce masa ni na yanke masa cibiya, in ya tayar da injin nan zan zo in karɓi abina. Ya yi dariya, bai kuwa tayar ba. Mai jaki ya kai jakinsa rafi tun da sassafe. Zakaru kam ciwo ya riga ya yi mana maganinsu. Ba yabon kai ba, a unguwar nan in na ce a yi shiru ana yi.

Da safe aka yi, domin da safe hannun ya fi sauƙi. Auta ya yi wanka, ya sa farar rigarsa ta mawaƙa, ya zauna a bakin gado ba takalmi. Aka tayar da janareto, aka soka waya a jita, aka soka ɗaya gefen a kwamfuta, ya shiga daidai. Auta ya ɗora hannu a kan tsirkiya, sai ya fizge.

Ya ce, "Ta cije ni."

Taubashinsa ya ce ragwanci ne, manomi guda yana tsoron zare. Ya kai nasa hannun, ya yi tsalle har ya bugi bango.

Auta ya ce, "A Kaduna ma haka take gaishe ku?"

Aka sake kiran Malam. Ya ce wutar janareto ce ba ta da inda za ta zube, tana yawo a jikin kwamfuta, ta bi waya ta hau tsirkiya. A ɗaura wata waya a kusar bayan akwatin, a fitar da ita ta taga, a ɗaure ta a ƙarfe, a binne ƙarfen a ƙasa mai laima. Aka shiga neman ƙarfe. Auta ya ce a ɗauko garmarsa ta golmo, ita ta saba da ƙasa. Bazara ce, ƙasa kamar dutse, da ƙyar aka haƙa aka binne bakin garmar a gindin taga. Na kwara tulu guda. Auta ya taɓa tsirkiya, ba cizo. Malam ya ce kada a bar wurin ya bushe, in ya bushe za ta dawo, ya koma rumfarsa.

Na ce ni zan tsare ruwan. Surukata ta zauna a ciki da yarinyar, tunda maganar tasu ce. Na jawo kujerata gindin taga, randa a gefe, ƙwarya a hannu. Ƙasar tana shanye ruwa kamar ba a zuba ba.

Na ji ɗan ƙanena ya ce, "Yana shiga, ga shi nan yana rawa." Wani zare ne a gilashin, in an kaɗa sai ya dinga tsalle.

Auta ya fara. Daga inda nake ba na jin jitar sai ɗan ƙis-ƙis, muryarsa kuwa ta cika gidan. Ya fara da waƙar da suke kama kunyar farko da ita a gona. Ya yi ta surukin da kununsa ya fi ruwan rafi tsinkewa, wadda ake yi in tsohon ya juya baya. Ya yi na majami'a. Sa'o'insa sun zo sun tsaya a bakin ƙofa suna amsa masa ƙasa-ƙasa, manyan ƙarti, wani yana share ido da hula. Matan unguwa suka jeru a jikin danga, masu goyo sun cusa wa 'ya'yansu nono don kada su yi kuka. Wata ta cika baki za ta yi guɗa, na harare ta, ta haɗiye. Ni na haife shi, na ji waƙarsa tun yana kiwon awaki, ban taɓa jin ya yi kamar ta ranar ba.

Da ya gama waƙoƙin ya ce sa'o'insa su ja baya. Aka zaunar masa da yarinyar a gabansa, ya fara yi mata magana da yarenmu, yatsunsa suna bi a ƙasa yadda ya saba. Ya sassauta murya. Iska ta juyo da ƙarar janareto wajena, ruwan randa kuma ya ƙare, sai da na tashi na ɗebo a ta madafa. Guntu-guntu na ji. Ban damu ba, na ce ai yana ciki, zan zauna in ji a natse. Surukata ta cusa bakin zani a baki tana kuka don kada kukan ya shiga. Ɗan ƙanena a bariki ya tashi, yarenmu bai zauna masa ba, idonsa kuma yana kan zaren, zaren kuwa bai daina rawa ba.

Bai tsaya ba sai da yatsun suka ƙi buɗewa. Na leƙa ta taga, hannun ya kumbura yana sheƙi, rigar ta jiƙe.

Ya ce, "Taubashi, rufe. Akuyar taka ta ƙoshi?"

Ɗan ƙanena ya ce, "Ta ƙoshi, har ta rage maka."

Bayan Ista muka koma Sakkwato, aka cire hannun. Kafin a sallame mu likita ya ja ni gefe ya ce ciwon ya riga ya sauka a ƙirji. Mun dawo ruwan farko ya sauka, mutane suna shuka. Auta ya bushe, tari ya kama shi, muryar ta dinga janyewa har ta kai sai ka kai kunne bakinsa. Kullum yana tambayar faifai. Kwamfutar ɗan ƙanena ba ta iya juyewa, sai da ya ɗauki akwatin ya kai Kontagora wurin wani mai juye finafinai.

Ranar da ya dawo da yamma, ya tsaya a bakin ƙofa da faifan a hannu, bai tsokani kowa ba. Na ɗauka gajiyar hanya ce. Labari ya riga ya zaga, an aro abin sa faifai a gidan wani malamin makaranta, tsakar gida ta cika. An fito da auta an jingina shi da bango a kan tabarma. Ɗan ƙanena ya matso kusa da ni ya ce, Gwaggo, a bari mutane su watse tukuna. Na ce a'a, su suka yi shiru ranar, su ji abin da suka yi wa shirun.

Aka sa. Jitar ta fito tar, da ƙarfi, yadda ba mu ji ta ba ranar da aka ɗauka. Ana jin har jan yatsa a kan tsirkiya, ana jin wuraren da matattun yatsun suka kasa dannewa. Waƙar kunyar farko ce, kowa ya gane ta. Aka zo inda zai ɗaga murya, ba a ji komai ba. Na ce wataƙila sai zagaye na biyu. Zagaye na biyu ya zo ya wuce. Sa'o'insa suka dubi juna, wurin amshinsu ma ba kowa a ciki. Kiɗa kawai yake tafiya shi kaɗai.

Ɗan ƙanena ya yi bayani kansa a ƙasa. Ya ce tun a Kontagora ya ji, mutumin can ya gaya masa wayar jita ba ta da kunne. Abin da ke ƙarƙashin tsirkiya motsin ƙarfe kawai yake ɗauka, ba ya jin mutum. Murya sai an sa mata makirufo daban. Ko a tsakiyar tasha aka yi, haka zai fito. Zaren da ya ga yana rawa, yatsu ne. Mai injin niƙa yana tsaye a wurin yana ji. Mutane suka fara zamewa ɗaya bayan ɗaya, faifan yana ta yi.

Auta ya yafito taubashinsa da hannun da ya rage. Taubashin ya durƙusa ya kai kunne, ni ma ina kusa na ji.

"Ka cinye mini murya, ko miya ba ka sa ba."

Ɗan ƙanena ya kifa kai a tabarma. Da ya ɗago ya ce ya sayo ɗan ƙarfen nan a Kontagora, makirufon majami'a kuma ya dawo, gobe-goben nan za a iya sakewa. Na ce a sake, ko numfashi ne a ɗauka. Auta ya girgiza kai.

Ya ce, "Mama, kada yarinyar ta san ni da wannan muryar."

Ban taɓa roƙon ɗan da na haifa ba sai ranar. Na roƙe shi, washegari na sake roƙonsa, na sa Fasto ya yi masa magana. Ya juya fuska bango. Na ce to ya maimaita mini a kunne abin da ya gaya wa yarinyar, ni zan riƙe, kaina bai taɓa zubar da magana ba. Ya gwada. In ya fara sai tari ya datse shi, in ya lafa ya manta inda ya tsaya, ko kuma ƙarfin ya ƙare. Dawa ta kai gwiwa muka binne shi.

Waƙoƙin ba su ɓata ba, sa'o'insa sun san su, in an sa faifan suna iya ɗora baki a kai, ko da yake ba muryarsa ba ce. Maganar ce ta tafi. Ni da surukata mun zauna mun harhaɗa abin da kowa ta tsinta. Ita ta ji ya ce a bar yarinyar ta yi karatu har inda ƙarfinta ya kai. Ni na ji ya ambaci gonar bakin rafi, na kuma ji ya ambaci wansa, ban san me ya ce a kansa ba. A kan wata magana ɗaya mun saɓa, ita ta ce kaza, ni na ce ba haka ba, har yau ba mu daidaita ba. Sauran kuwa babu. Akwai wuri mai tsawo a ƙarshen faifan inda tsirkiya take tafiya a hankali, tana tsayawa kaɗan tana ci gaba, nan ne yake magana. Da yarinyar ta yi wayo ta tambaye ni me yake cewa a nan. Ni mai ba da labari ce, in na so zan cika wurin da magana mai daɗi, ba wanda zai kama ni. Na gaya mata abin da na ji, na gaya mata na uwarta, na ce sauran ina ɗebo ruwa.

Malam mai rediyo ya rasu, Fasto ma ya rasu, mai injin niƙa ya bi su bara. Sa'o'in golmon, tashin hankalin shekarun nan ya ci wasu, soja ta ci wasu, waɗanda suka rage ba su cika hannu ɗaya ba, ɗayansu ma ba ya gani. Ɗan ƙanena yana nan da rai a Kontagora yana sayar da wayar hannu, duk Kirsimeti yana zuwa gaishe ni, a tsakar gida yake zama, ba ya shiga ɗakin. Surukata ta yi aure a Kanya, ta haifi wasu, tana aiko mini da daddawa. Yarinyar ta girma, tana koyon aikin jinya. Sai ni.